A cikin me kuke kwaɓa ifoksi: gwangwani, roba ko kwali?

Kafinta_Naibawa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sana'a. Tambaya gare ni ga waɗanda suka daɗe suna aiki da ifoksi, gam ɗin nan mai haɗi biyu. Kwanan nan aikinsa ya yi mini yawa, domin masu ba da aikin tebur yanzu sun fi son a bar katako da tsagarsa da ramukansa, a cike su da ifoksi, a goge ya yi sheƙi. Abin da ke damuna shi ne mazubin kwaɓi. Gwangwanin madara nake amfani da shi, tunda mai shayin da ke kusa da shagonmu kullum yana da su. Amma na lura wani lokaci aikin zai sandare ƙam, sai ka tarar da wani ɗan wuri bai fi faɗin farce ba yana danƙo har bayan kwanaki. Gam ɗaya ne, awo ɗaya, rana ɗaya aka zuba. Wani ya ce mini laifin gwangwanin ne. Shin da gaske mazubi na iya ɓata gam? Ku me kuke amfani da shi wanda za a gama aiki a yar ba tare da asara ba? Idan kuma ɗan kaɗan ne, a kan me kuke kwaɓawa?

MaiWalda_Panteka:
Wa alaikumus salam. Kwali kawai, oga. Ka yanki gefen kwalin taliya ko na sabulu, ka matsa farin ka matsa baƙin, ka juya da ƙusa, ka shafa, ka jefar. Mu haka muke yi da na minti huɗu kuma bai taɓa ba mu kunya ba.

Kafinta_Naibawa:
Na gode maigida, amma nawa ba na bututu ba ne. Na ruwa ne, mai zuwa a jarka biyu, babba da ƙarama. Idan na zuba a kwali malala zai yi.

Injiniya_Samaru:
Malam Kafinta, wanda ya ce maka gwangwanin ne bai yi nisa da gaskiya ba, sai dai ba ƙarfen ne ke ɓata gam ba, siffar gwangwanin ce. Ka ɗauki guda ɗaya ka leƙa ciki da kyau. Akwai leɓe a bakinsa inda aka yanke murfin, akwai kusurwa mai kaifi a gindinsa inda bango ya haɗu da ƙasa, wasu ma har da layukan nan masu zagaye a jiki. Duk waɗannan maɓoya ce. Rezin, wato ruwan babbar jarkar, yana da kauri, yana lafewa a lungun da sanda ba ta kai ba, bai taɓa haɗuwa da hadna ba, wato sinadarin da ke sa shi ya daskare. To lokacin da ka zo zubawa ka kifa gwangwanin kana kankaro ragowar don kada a yi asara, wancan ɗanyen shi ne ke fitowa a ƙarshe ya sauka a kan aikinka. Shi ya sa danƙon yake wuri ɗaya, ba ko'ina ba. Da awonka ne ya kauce, da duka aikin ne zai ƙi bushewa.

Na biyu, madara tana da maiƙo. Ɗauraya da ruwa kawai ba ya fitar da shi, kuma idan ka ɗauraye ba ka bari ya bushe sarai ba, ka ƙara ruwa a kan maiƙo. Ifoksi ba ya shiri da ko ɗaya.

Shawarata: kofin roba mai santsin ciki, wanda gindinsa ya ɗan zagaye. Ka juya shi ka dubi ƙasansa, za ka ga ɗan alwatika da lamba a ciki. Nemi 5, wani lokaci da PP a ƙasa, ko 2. Ifoksi ba ya kama waɗannan robobin. Washegari ka matsa kofin a hannu, busasshen zai ɓamɓare ya fito da siffar kofin, ka sake amfani da shi.

Baba_Makeri:
Yarana, ni wuƙaƙe nake yi, kuma Araldite, wani ifoksi na bututu, nake sa wa mariƙi tun ana sayar da shi a ɗan kwali ja da shuɗi. Ban taɓa sayen mazubi ba. Ɓallin tayil guda ɗaya gare ni, fari, wanda masu gini suka yar. A kansa nake kwaɓawa. Ba ya shan gam, ba ya motsi a kan benci saboda nauyinsa, kuma da yake fari ne ina ganin kalar biyu ta haɗe ta zama ɗaya, babu zane-zane a ciki. Idan ya bushe in sa reza in kankare, ya koma sabo. Ku kuna neman abin yarwa, ni ina ganin abin da ba a yarwa ya fi.

MaiWalda_Panteka:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Tayil yana da kyau ga mai zaune wuri ɗaya. Mu da ake kira gyara a ƙarƙashin mota ko a kan rufi, ba za mu yi yawo da tayil a aljihu ba.

UmmuRezin_Kaduna:
Sallama gare ku. Ni tire da maɓallan makulli da agogon bango nake zubawa, don haka kwaɓi shi ne rabin aikina. Abin da Injiniya ya faɗa haka yake, amma zan ƙara abu ɗaya da ya raba ni da matsalar danƙo: kofi biyu. Ki auna, ko ka auna, a kofi na farko, ka juya kamar minti 2 zuwa 3 kana kankare gefe da gindi, sannan ka juye a sabon kofi mai tsabta ka sake juyawa minti 1 da sabuwar sanda. Daga na biyun kake zubawa. Ɗanyen da ya lafe a bango ya tsaya a kofin farko.

Ku kula da bambancin nan, domin mutane suna ruɗewa: lokacin juyawa ana kankare gefe, lokacin zubawa ba a kankarewa. Abin da ya ƙi fitowa da kansa ka bar shi. Ɗan abin da za ka ceto bai kai asarar tebur guda ba.

Kuma sandar juyawa ta zama mai faɗi, bakinta a miƙe. Cokali da tsinken tsire da ƙusa duk ba sa share gindin kofi.

Kafinta_Naibawa:
Hajiya, kofi biyu a kowane kwaɓi ai kuɗi ne. A yini ina iya kwaɓawa sau da yawa, tunda ramukan ba a cika su lokaci guda.

UmmuRezin_Kaduna:
Ba sayen sabo za ka riƙa yi kullum ba, Malam. Idan mai lamba 5 ne, na yau za ka ɓamɓare gobe. Ka tanadi kamar dozin, kana juya su. Kai da kake Kano ma, ka shiga Ƙofar Wambai ka zaɓa da hannunka. Kawai kada ka ɗauki siraran nan masu ƙara idan an matsa, waɗanda ke tsagewa. Araha ba ta ado.

MaiFaiba_Kofar_Ruwa:
Ina gargaɗinku da farin tekawe ɗin nan mai laushi da kofinsa. Gam yana cinye shi. Da idona na ga an zuba, kafin a juya sau biyar gindin ya ɓule, komai ya tsiyaye a ƙasa.

Injiniya_Samaru:
Ɗan'uwa mai faiba, wane rezin aka zuba? Ina tambaya ne don wanda kuke gyaran bamba da tanki da shi, mai warin nan mai ƙarfi da ake ɗiga masa 'yan ɗigon hadna, foliyesta ne, ba ifoksi ba. Akwai sitirin a cikinsa, kuma shi wannan farin tekawe, mai lamba 6, daga sitirin aka yi shi, shi ya sa yake narkar da shi nan take. Ifoksi zalla ba ya narkar da shi haka. Amma gargaɗinka yana nan daram ta wata hanyar: farin kofin yana riƙe zafi, don haka aka yi shi, kuma ifoksi zafi yake fitarwa idan ya fara kamawa. Ka zuba mai yawa a abin da ba ya barin zafi ya fita, zai tafasa kansa ya narke kofin. Sannan idan asiton, ruwan nan na goge gam da fenti, ko tina ya taɓa shi, ya tafi.

MaiFaiba_Kofar_Ruwa:
Foliyesta ne kam. To ko ma wanne ne, ni dai ba ya shiga shagona.

DanSakkwato_Aluminiyam:
Maganar zafi da Injiniya ya taɓo ita ce babba a wurinmu, kuma ina ganin ta fi maganar irin roba muhimmanci. A watan Afrilu shagon kwano da tsakar rana ya wuce digiri 40. Wani maƙwabcina ya kwaɓa kusan rabin lita a gorar ruwa da ya yanke, aka kira shi waje ana cinikin ƙofa. Ko da ya dawo gorar ta lanƙwashe, abin yana hayaƙi, ya zama ruwan ƙasa-ƙasa ya tsattsage, ba ya taɓuwa da hannu. Da filaya aka ɗauke shi aka kai waje kan yashi. A jikin jarkar an rubuta minti 30 ne lokacin aiki, amma ko 10 bai kai ba.

Injiniya_Samaru:
Haka ne. Lokacin da suke rubutawa a jiki, yawanci a yanayin digiri 25 ko kusa da haka suka auna, kuma da ɗan ƙaramin kwaɓi. Ƙa'idar da ake bi a ƙiyasce ita ce duk ƙarin digiri 10 yana raba lokacin biyu. Minti 30 a 25 ya zama kamar 15 a 35, ya zama 7 ko 8 a 45. Ka ƙara da cewa a mazubi mai zurfi zafin ba ya samun hanyar fita, zafin yana hanzarta haɗuwar, haɗuwar tana ƙara zafi, haka har ya kufce. Gorar ruwa kuma, mai lamba 1, tun daga wajen digiri 70 take fara laushi. Lamba 5 sai wajen 160 take narkewa.

Saboda haka zurfi don juyawa ne kawai. Da ka gama juyawa ka juye a abu mai faɗi marar zurfi, tire ko farantin roba, ya baje. Gam ɗaya ne amma zai ba ka lokaci fiye da na kofi sosai.

Sarkin_Jirgi_Yawuri:
Wannan ita ce hanyar da nake bi a gyaran kwale-kwale. Jarkar man gyaɗa ba na taɓa ta saboda maiƙo, amma jarkar ruwa ko ta sabulun ruwa da aka wanke ta bushe, sai in kwantar da ita in yanke gefe guda, ta zama kwano mai faɗi da mariƙinsa. Lamba 2 ce yawancinsu. Ina aiki da asuba ko bayan la'asar, kuma ba na kwaɓa abin da ya wuce wanda zan shafe kafin in miƙe. Gara ka kwaɓa kaɗan sau huɗu da ka kwaɓa da yawa sau ɗaya.

Bakanike_Damagaram:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu ma nan bido muke yankawa kamar yadda Sarkin Jirgi ya ce. Ga ƙaramin aiki kuma, gwangwanin lemo nake kifawa. Gindinsa yana da ɗan rami mai santsi, babu kusurwa ko ɗaya, daidai kwaɓin toshe lagireto ko kafa ƙaramin ƙarfe. Sai dai ka goge lambar kwanan watan da aka buga a wurin, in ba haka ba tawadar tana shiga gam.

Baba_Makeri:
Wannan dabara ta burge ni, ɗana. Zan gwada.

Gyaran_Waya_FarmCentre:
Mu namu ɗigo ne. Salatif mai faɗi, irin na ɗaure kwali, nake manna layi biyu a kan teburin gilashi, in kwaɓa a kai da tsinken sakace, in gama in ɗaye in naɗe in jefa a shara. Tebur tsaf. Idan na ruwa ne, murfin gorar lemo. Tsohon katin waya ko na banki kuma shi ne abin shafawa, bakinsa a miƙe yake.

Dalibi_Kazaure:
Don Allah manya, tambaya ta ɗan kauce. Idan ina so ya bushe da wuri, in ƙara hadna? Wani oga ya ce haka suke yi.

MaiFaiba_Kofar_Ruwa:
Mu muna yi. Da sanyi mukan ƙara ɗigo.

UmmuRezin_Kaduna:
A'a ƙanena, kada ka yi. Oga mai faiba yana magana ne a kan nasu. A ifoksi kowane ɓangare yana neman abokinsa ne daidai wa daida. Hadnan da ya yi rara ba shi da abin kamawa, sai ya zauna ɗanye a ciki, aikin ya fito da laushi ko danƙo har abada. Idan sauri kake so, sayi mai saurin kamawa, ko ka ajiye aikin a wuri mai ɗumi. Awon da aka rubuta, 1:1 ne ko 2:1 ko 5:1, shi za ka bi.

Injiniya_Samaru:
Kuma nan ma mazubi ya shigo. Yawancin kofuna suna buɗewa ta sama, gindi ya fi baki ƙanƙanta. Idan ka sa sanda ka auna tsayi, ka ce yatsa biyu rezin yatsa ɗaya hadna, a irin wannan kofin yatsan sama ya fi na ƙasa ɗaukar ruwa, ka zuba hadna fiye da ƙima ke nan. Awon sanda sai a mazubin da bangonsa yake a miƙe. Abin da ya fi shi ne ƙaramin sikeli na lantarki. Amma a kula, rezin ya fi hadna nauyi, don haka awon kofi da awon sikeli ba lallai su zo ɗaya ba. Wanda aka rubuta 2:1 a kofi, a sikeli yakan zama wajen 100 da 45. A karanta jikin jarka a ga wanne suke nufi.

MaiWalda_Panteka:
Duk wannan lissafi ya yi, amma har yanzu ba wanda ya gaya mini aibin kwali. Shekara da shekaru muna yi.

Kafinta_Tudun_Wada_Jos:
Oga mai walda, ni zan gaya maka inda kwali yake da aibi da inda ba shi da shi. Naka mai kauri ne kamar man goge baki, ka matsa ka juya ka shafe cikin minti biyu, kwali bai samu lokacin shan komai ba. Ba laifi. Amma na ruwa, musamman idan hadnan ya fi rezin tsinkewa, kwali yana tsotse shi kafin ka haɗa. Ka ga tabon da yake bari mai duhu a jiki? Wannan daga awonka ya fita. Idan 5:1 ne kuma kwaɓin cokali guda ne, ɗan abin da ya sha ya isa ya karkatar da awon. Ga kuma gashin takarda da yake tashi idan ka goga da ƙarfi, ya shiga gam. A walda ba a gani, a tebur mai sheƙi ana gani.

Idan dole sai takarda, a nemi mai santsi, irin bayan tsohuwar kalanda ko kwalin magani ta gefen da yake ƙyalli. A guji wajen da tawada ta yi yawa.

MaiWalda_Panteka:
To ka ga yanzu an yi adalci. Kowa da irin gam ɗinsa.

Kafinta_Tudun_Wada_Jos:
Mu kuma nan matsalarmu kishiyar ta Sakkwato ce. Da hunturu rezin yana yin kauri har ya ƙi zuba, wani lokaci ya yi fari-fari da gudaji a gindin jarka. Ba lalacewa ya yi ba. Ka rufe jarkar da kyau ka tsoma ta a ruwan ɗumi har ya koma garau, ka goge jikinta ya bushe kafin ka buɗe. Mai kauri ya fi lafewa a bangon kofi, don haka da sanyi ne aka fi samun irin danƙon da Malam Kafinta yake kuka da shi.

Maman_Khalifa_Asibiti:
Ni ba mai sana'ar ba ce, maigidana ne kafinta, ni ma'aikaciyar jinya ce. Na karanta duka ban ga wanda ya yi maganar inda kofin yake zuwa bayan an yar ba, kuma wannan ya dame ni. Kofin roba mai kyau idan ya je bola ba ya kwana. Yaro zai tsinta ya sha ruwa da shi, ko almajiri ya karɓi koko a ciki, ko 'yan jari bola su haɗa da sauran robobi. Busasshen ifoksi da ya gama kamawa ba shi ne abin tsoro ba, ɗanyen ne, musamman hadna, yana ƙona fata da baki. Don girman Allah, ku bar ragowar ta sandare tukuna, sannan ku tsaga kofin da wuƙa ko ku huda gindinsa kafin ku yar. Wanda aka auna hadna zalla a ciki, a ɗiga masa rezin a juya ya daskare. Kada a zuba ɗanye a kwata, kada kuma a ƙona a bakin shago mutane na shaƙa.

Kuma kofi ko cokalin da ya taɓa gam ya bar kicin ke nan, ko an wanke.

Sarkin_Jirgi_Yawuri:
Allah ya saka da alheri Maman Khalifa. Wannan magana ce ta amana. Mu da muke bakin ruwa ma ta fi shafarmu.

Dalibi_Kazaure:
Anti, sirinji fa? Na ga ana auna ƙananan kwaɓi da shi.

Maman_Khalifa_Asibiti:
Sabo daga kemis, a cikin ledarsa, ba tare da allura ba. Wanda aka yi wa mutum amfani da shi kada ka ko taɓa. Ka sayi biyu ka yi musu alama, ɗaya na rezin ɗaya na hadna, kada su taɓa musanya. Sannan ku sa safar hannu, irin shuɗiyar nan ta naitiril ta fi ta roba fara. Fata tana iya jure ifoksi tsawon lokaci, rana ɗaya ta ƙi, daga nan ko kaɗan ya taɓa ka sai ƙaiƙayi da ƙuraje da kumburi, kuma idan ta fara da wuya ta daina. Masu wanke hannu da fetur ko tina, ku bari. Narkar da gam ɗin yake yi ya shigar da shi cikin fata. A goge da tsumma, a wanke da sabulu da ruwa.

Baba_Makeri:
'Yata, na san maƙeri guda da hannunsa ya kai ga haka, dole ya bar wa yaransa aikin mariƙi. Gaskiya kika faɗa.

Kafinta_Naibawa:
Na gode ƙwarai jama'a, na ƙaru. Na je na duba gwangwanayen da na yi amfani da su jiya. Na sa tsinke a ƙarƙashin leɓen bakin, sai ga ɗanyen rezin yana biyo shi, alhali na tsakiya ya zama dutse. To yanzu wuraren da suka riga suka yi danƙo a teburin fa? Idan na shanya a rana za su kama?

Injiniya_Samaru:
Ka fara gwadawa da farce. Idan ƙasan yana da tauri, saman ne kawai yake da santsi kamar an shafa kyandir, wannan wani ɗan maiƙo ne da hadna yake fitarwa idan akwai laima a iska, an fi ganinsa da damina. Ruwan ɗumi da soso yana wanke shi. Amma idan farce ya nutse, ko yana jan zare, to bai haɗu ba ne, rana ba za ta ba shi hadnan da bai samu ba. Sai ka ƙwaƙule shi duka har ka kai ga mai tauri, ka goge da asiton, ka sa samfefa, ka zuba sabo. Kada ka zuba sabo a kan ɗanyen, daga baya zai ɗago.

UmmuRezin_Kaduna:
Kuma daga yau ka riƙa barin sandar a cikin kofin da 'yar ragowa, ka ajiye kusa da aikin. Shi ne shaidarka. Maimakon ka riƙa danna yatsa a kan tebur kana barin tabo, ka danna na kofin. Gobe ka kama sandar ka ja, duka zai fito dunƙule guda. Ka dubi gefensa da gindinsa: idan ya bushe ko'ina, juyinka ya yi. Idan gefen yana maiƙo, ka san ba ka kankare bango sosai ba. A kife kofuna masu tsabta kuma, ƙurar hunturu da dusar katako ba sa jin kira.

Tela_Zango_Kumasi:
Ina bin ku daga Gana. Kofin takarda irin na shayi fa? Ba wanda ya ambace shi, kuma shi ne ya fi sauƙin samu a wurina.

Kafinta_Tudun_Wada_Jos:
Ka karce cikinsa da farce. Idan wani farin abu kamar kaki ya biyo farcen, bar shi, sanda za ta kankaro shi cikin gam ya hana kamawa. Idan bai biyo ba, siririyar leda ce aka shimfiɗa a ciki, wannan yana yi. Amma sau ɗaya ne, ba ya ɓamɓaruwa kamar roba, kuma akwai ɗinki a gindinsa inda rezin ke ɓuya.

DanSakkwato_Aluminiyam:
Ni fa har yanzu ban sallama gwangwani gaba ɗaya ba. Ƙarfe yana fitar da zafi fiye da roba, kuma ba ya narkewa. A garinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan aka samu mai santsin ciki, aka yanke leɓen, aka wanke da omo aka shanya, ni zan ɗauke shi a kan siririyar roba. Har cikin kwanon ruwan sanyi nake dasa shi idan rana ta yi rana, in dai ruwan ba zai fantsama ciki ba.

UmmuRezin_Kaduna:
Bakin gwangwanin da aka yanke yana yanka safar hannu, Malam, har da yatsa. Ni kofin silikon ma na koma ga ƙananan aiki, ana juya cikinsa waje a ɓare busasshen. Tsadarsa sau ɗaya ce.

Bakanike_Damagaram:
Hajiya, silikon ɗin yana daɗewa? An ce yana yagewa.

UmmuRezin_Kaduna:
Yana yagewa idan ana kankare shi da abu mai kaifi, ko ana barin kwaɓi mai yawa ya yi zafi a ciki. A hankali cikinsa yana dushewa, gam ya fara kama shi. Na ƙananan awo ne. Aikin tebur irin na Malam Kafinta, bokitin fenti ƙarami na roba wanda ba a taɓa zuba komai a ciki ba zai fi masa, ya juye a tire.

MaiWalda_Panteka:
Ledar fiya wata fa, Injiniya? Wani yaro a layinmu yana zuba duka biyun a ciki, ya ɗaure, ya murza da hannu, ya yanke kusurwa ya matsa cikin tsaga.

Injiniya_Samaru:
Ledar lamba 4 ce, gam ba ya kama ta, kuma dabarar matsawa cikin tsaga tana da kyau. Sai dai kusurwoyin leda huɗu ne, kuma ta kusurwa zai matso, wato abin da ya fi ƙin haɗuwa shi zai fara fita. Ya kwaɓa a kofi tukuna, sannan ya juye a busasshiyar leda ya yanke bakin. Ya kuma yi sauri, domin dunƙule a leda ga ɗumin tafin hannu, ba zai jira shi ba.